Anthony Johnson da Zuriyarsa: Ɗan Afirkan da Ya Mallaki Gandu a Virginia

A farkon 1625 hukumar Turawan Ingila da ke Virginia ta yi ƙidayar duk wanda ke ƙarƙashinta, gida-gida, har da bindigogi da masara da aladu. Mutanen da aka samu sun ɗan haura 1,200, kuma 23 daga cikinsu 'yan Afirka ne. A jerin barorin gandun wani attajirin Landan, Edward Bennett, akwai mutum biyu da aka rubuta ba sunan uba: Antonio, baƙar fata, wanda ya zo a jirgin James a 1621, da Mary, baƙar fata, wadda ta zo a jirgin Margrett and John a 1622. Magatakarda bai ƙara ko kalma a kansu ba.

Wannan Antonio shi ne Anthony Johnson na takardun kotu. Ya auri Mary, suka shekara fiye da arba'in tare, suka haifi maza biyu da mata biyu. Ya sami 'yancinsa, ya mallaki ƙasa da shanu, ya maka Bature a kotu ya kayar da shi, ya kuma riƙe ɗan'uwansa baƙar fata a matsayin bawa. Bayan rasuwarsa da 'yan watanni aka ce da ma can baƙo ne, ƙasar ba tasa ba ce. Duk wannan a cikin rayuwar mutum ɗaya, a yanki ɗaya, gaban kotunan da maƙwabtansa ke zama a cikinsu. Shi ya sa labarin gidan nan ya fi dogon bayani nuna yadda aka gina bautar launin fata a Amurka. Ba a sauko da ita daga jirgi a shirye ba. Doka bayan doka aka yi ta ɗorawa, mutanen da abin ya shafa suna raye suna kallo.

Hanyar da ta kawo shi

Sunan Antonio na 'yan Fotugal ne. Tun shekarun 1570 suka kafa sansani a Luanda, a ƙasar Angola ta yau, kuma daga 1618 zuwa 1620 gwamnansu Luís Mendes de Vasconcelos ya haɗa kai da mayaƙan Imbangala suka afka wa masarautar Ndongo, suka kame dubban mutane. Al'adar 'yan Fotugal ce su yi wa kamammu baftisma, su raɗa musu sunan Kirista kafin a loda su. Daga cikin ganimar wannan yaƙi ne aka cika jirgin São João Bautista da zai je Veracruz a Meziko, 'yan fashin teku na Ingila suka tare shi, ɗaya daga jiragensu, White Lion, ya sauke mutum ashirin da ɗoriya a Point Comfort ta Virginia a watan Agustan 1619, aka yi musayarsu da abinci. Antonio ya iso shekara biyu bayan haka.

Virginia ɗin da ya tarar wuri ne na yunwa da kwaɗayi. An kafa Jamestown a 1607 da fatan zinariya, ba a samu ba. Abin da ya ceci kamfanin Ingilan da ya kafa garin shi ne taba, wadda John Rolfe ya fara gwada nomanta wajen 1612. Taba kuwa tana cin hannu, tana cin ƙasa. Don a samu ma'aikata sai aka dinga kwaso talakawan Ingila bisa yarjejeniya: a biya maka kuɗin jirgi, ka yi wa wanda ya biya aiki shekara huɗu zuwa bakwai, in ka kai ƙarshen wa'adi da rai a sallame ka da masara da tufafi. Da yawa ba su kai ba. Zazzaɓi da atuni sun riga wa'adi. Wannan mace-mace ma na cikin dalilan da suka sa a farko masu gandu suka fi son baran wa'adi a kan bawa na har abada, domin bawa ya fi tsada, kuma babu amfanin biyan kuɗin rayuwar mutum gaba ɗaya in zai mutu cikin shekara uku.

A wannan lokaci Virginia ba ta da rubutacciyar dokar bauta. Kada wannan ya ruɗi mai karatu. Rashin doka bai hana a sayi 'yan Afirka a sayar ba, kuma yadda aka rubuta su ba sunan uba ya isa shaida cewa ba a ɗauke su daidai da barori Turawa ba. Sai dai ƙofa ba ta gama rufewa ba tukuna.

Gandun Bennett yana kudu da kogin James, a ƙasar mutanen Warraskoyack. Ranar 22 ga Maris 1622, mayaƙan Powhatan, 'yan asalin ƙasar, a ƙarƙashin shugabansu Opechancanough suka far wa gandayen Turawa a lokaci guda, don sun ga taba na cinye musu ƙasa ba alamar tsayawa. An kashe mutum 347 a rana ɗaya. A gandun Bennett kaɗai fiye da hamsin suka mutu. Antonio na cikin 'yan tsirarun da suka tsira. A wannan shekarar aka kawo Mary, kuma a ƙidayar 1625 ita kaɗai ce mace a gandun. A ƙasar da maza suka ninka mata sau da yawa, inda Turawa da dama suka mutu gwauraye, samun mata da gida babban jari ne, kuma duk abin da Anthony ya gina daga baya da hannun Mary da 'ya'yansu a ciki.

Ƙasa tasa ta kansa

A shekarun 1640 iyalin sun bayyana a hayin tekun Chesapeake, a wani siririn yanki da ake kira Gaɓar Gabas, cikin gundumar Northampton, kuma a matsayin 'yantattu. Sa'ar masu tarihi ita ce kotun wannan gunduma ta adana takardunta ba yankewa tun 1632, alhali na gundumomi da yawa sun ƙone, musamman a gobarar Richmond ta 1865. Don haka ake iya bin sawun gidan Johnson daga cinikin ɗan maraƙi a 1647 har zuwa jikoki.

A wannan yanki akwai wata hanya ta fita daga bauta da za ta tuna wa Bahaushe da murgu: ubangida ya bar bawa ya yi nomansa, ya yi kiwonsa, ya tara, a ƙarshe ya fanshi kansa. Francis Payne ya bi ta nan, ya fanshi kansa, sa'annan matarsa da 'ya'yansa, da taba yake biya don ita ce kuɗin ƙasar. Emanuel Driggus ma ya fita, amma wasu 'ya'yansa suka rage a hannun iyayengiji aka sayar da su. Ubangida ba don tausayi yake yarda ba. Bawan da ke ganin ƙarshen wahalarsa ya fi ƙwazo, kuma shi ke ciyar da kansa.

Akwai wata shaida da aka bayar gaban kotu a 1645 a kan wani da aka kira Anthony baƙar fata, wanda masana da yawa ke ɗauka Johnson ne. Sun yi noman masara tare da Kyaftin Philip Taylor, sai suka je gona suka raba ta. Da ya dawo ya ce ya yi murna da rabon, domin yanzu ya san gonarsa, zai yi aiki lokacin da ya so, ya huta lokacin da ya so. Mutumin da ya shekara ashirin wani na tashinsa da asuba ne ke wannan magana, kuma ya fahimci ƙasar da yake ciki sarai: a Virginia ta wancan ƙarni, takardar 'yanci ba ta kai gona ƙarfi ba. Mai ƙasa ne ke da bakin magana a kotu, shi ake bai wa bashi, shi ake tsayawa a gaisa da shi.

A watan Yulin 1651 aka ba Anthony Johnson takardar mallakar eka 250 a kusa da rafin Pungoteague. Tsarin da ya ba shi wannan dama ya samo asali tun 1618: duk wanda ya biya kuɗin shigo da mutum ɗaya Virginia, ana ba shi eka 50. Johnson ya gabatar da sunaye biyar. Ba lallai ne a ce shi ya ɗauko su daga Ingila ba, domin wannan haƙƙi ya zama haja, ana saye ana sayarwa kamar taba, kuma ɗaya daga sunayen ma Richard Johnson ne, sunan ɗansa. Manyan masu gandu sun fi kowa iya wannan wasa. A 1652 babban ɗansa John ya sami ɗaruruwan eka a kusa, a 1654 Richard ya sami 100. Uba da 'ya'ya suka zama maƙwabtan juna, suna kiwon shanu da aladu, suna noman masara da taba.

A nan ya kamata a faɗi abin da masu yabon Johnson kan tsallake. Ƙasar nan tana da masu ita. Mutanen Accomac da Occohannock ne ke zaune a Gaɓar Gabas kafin zuwan jirage, kuma kowace takardar mallaka da gwamna ya sa wa hannu, ta Bature ko ta baƙar fata, daga filinsu aka yanko ta. Johnson bai zo da son ransa ba, amma da ya sami dama ya zama ɗan kama-wuri-zauna kamar sauran.

A watan Fabrairun 1653 gobara ta cinye mafi yawan abin da suka tara. Anthony da Mary suka kai kuka kotu a rage musu haraji. Kotu ta ce sun shekara fiye da talatin a Virginia, an san su da aiki tuƙuru, saboda haka ta yafe wa Mary da 'ya'yanta mata biyu harajin kai muddin ransu. Wannan ya wuce agajin gobara. Tun 1643 doka ta sa matan Afirka cikin waɗanda ake biya wa haraji, ta bar matan Turawa, bisa tunanin cewa Baturiya ta gida ce, baƙar mace kuwa ta gona ce. Ita ce ɗaya daga cikin dokokin farko da suka raba mutane da launi a fili. Nauyinta a kan magidanci baƙar fata yake sauka: in yana da mata da 'ya'ya mata biyu, kai huɗu zai biya inda maƙwabcinsa Bature ke biyan ɗaya. Da kotu ta ɗauke wa matan gidan Johnson wannan, ta ajiye su ne a sahun matan Turawa. Amma alfarma ce aka yi wa gida ɗaya, dokar tana nan, kuma a 1668 majalisa ta sake jaddada cewa baƙar mace ko da 'ya ce sai an biya mata.

Shari'ar John Casor

A gidan Johnson akwai wani baƙar fata mai suna John Casor. A ƙarshen 1653 wani Kyaftin Samuel Goldsmith ya zo karɓar gangar taba, sai Casor ya tare shi da ƙorafi: shi da wa'adin shekara bakwai ko takwas ya zo Virginia, ga shi Johnson ya riƙe shi shekara bakwai bayan wa'adin ya cika. Goldsmith ya tambayi Johnson, Johnson ya ce shi bai taɓa ganin wata takardar wa'adi ba, Casor nasa ne muddin rai. Sai maƙwabta biyu Turawa, Robert Parker da George Parker, suka sa baki, suka ce sun san da takardar, suka kuma yi barazanar cewa in bai sake shi ba Casor zai iya kai ƙara ya kwashe masa shanu a matsayin diyya.

Johnson ya tsorata. Gobara ba ta daɗe da yi masa ɓarna ba, ga Turawa biyu masu ƙarfi a gabansa. Takardar kotu ta nuna cewa matarsa da 'ya'yansa maza biyu da surukinsa suka taru suka lallashe shi ya saki Casor, ya kuwa saka. Iyali ne da ke zama su yi shawara, kuma shawarar da suka bayar ta masu gudun fitina ce.

Ba a jima ba sai ga Casor yana aiki a gonar Robert Parker. Nan Johnson ya gane cewa ba kishin gaskiya ya motsa maƙwabcinsa ba, ma'aikaci yake nema a ƙasar da ma'aikaci ya fi ƙasa tsada. Ya shigar da ƙarar Parker. Ranar 8 ga Maris 1655 kotun Northampton ta yanke cewa Parker ya riƙe bawan Johnson ba bisa ƙa'ida ba, Casor ya koma wurin ubangidansa nan take, Parker ya biya kuɗin shari'a. (Wasu takardu na rubuta 1654, domin a lokacin Ingila na fara sabuwar shekara ne ranar 25 ga Maris.)

Wannan hukunci shi ne ya sa sunan Johnson ke yawo a Facebook da sauran kafafe, da iƙirarin cewa wai baƙar fata ne ya fara mallakar bawa a Amurka. Maganar ba ta da tushe. Mutanen Sifen suna da bayi 'yan Afirka a St. Augustine ta Florida tun 1565. Massachusetts ta halatta bauta a rubuce a 1641. A Virginia kanta, a watan Yulin 1640, barori uku suka gudu daga gidan Hugh Gwyn aka kamo su a Maryland: wani ɗan Holan mai suna Victor, wani ɗan Sikotilan James Gregory, da baƙar fata John Punch. Kowa ya sha bulala talatin. Turawan biyu aka ƙara musu shekara huɗu-huɗu, Punch kuwa aka ce zai yi bauta iyakar rayuwarsa. Laifi ɗaya, rana ɗaya, shekara goma sha biyar kafin shari'ar Casor. Kuma kafin 1655 takardun gado na Turawan Virginia sun riga sun cika da 'yan Afirka da ake ƙiyasta kuɗinsu fiye da na barori, ba a rubuta musu ragowar shekaru ba, don babu ranar sallama.

Amma ƙaryata wannan iƙirari ba ya wanke Johnson. Mutum ne da ya san ɗacin yi wa wani aiki ba ranar fita, ya kuma tsaya gaban alƙalai ya nemi a dawwamar da wani a cikin wannan hali. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda alƙalan suka kalli lamarin. Ba su ga baƙar fata yana ja da Bature ba, sun ga mai dukiya yana ja da wanda ya taɓa masa dukiya, kuma su kansu masu barori ne da ba sa son maƙwabci ya fara zuga musu ma'aikata. Nasarar Johnson a ranar ta tsaya ne a kan wani zato da kotu ta amince da shi ba gardama: baƙar fatan da bai nuna takarda ba, bawa ne. Da Casor Bature ne, da babu alƙalin da zai saurari maganar riƙe shi har abada, da takarda ko babu. Johnson ya ci shari'a da hujjar da ke jiran 'ya'yansa a gaba.

Dokoki suna taruwa

Shekara ɗaya bayan haka, a 1656, wata mata mai suna Elizabeth Key ta nemi 'yancinta a wata gundumar, da hujjar cewa ubanta Bature ne ɗa, kuma ita Kirista ce. Ta yi nasara, domin a dokar Ingila ɗa uba yake bi. Majalisar Virginia ta toshe wannan kafa a 1662: daga yanzu ɗa uwa zai bi, in baiwa ce shi ma bawa ne, ko wane ne ubansa. A 1667 ta toshe ta biyu, ta ce baftisma ba ta canza matsayin bawa. A 1670 ta hana 'yantattun baƙaƙe da 'yan asalin ƙasa sayen bara Kirista, wato Bature, ta bar musu sayen irin nasu kawai.

A 1665 Anthony da Mary suka sayar da eka 200 ga wasu Turawa biyu, suka bar wa Richard 50, suka kora dabbobinsu zuwa arewa, yankin da ya zama gundumar Somerset a Maryland. John da iyalinsa suka bi su, Casor ma aka tafi da shi. Ana yawan cewa gudun dokokin Virginia suka yi, amma Maryland ba ta fi sauƙi ba: a 1664 ta riga ta zartar cewa bautar baƙar fata ta muddin rai ce. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne sun bi ayarin maƙwabtansu ne da ke neman sabuwar ƙasa, tun da taba ta gajiyar da tsohuwa. Wasu manyan masu ƙasa biyu, Randall Revell da Ann Toft, suka sa sunayen iyalin Johnson cikin jerin mutanen da suka shigo da su don a ba su fili. Wanda ya sami gandu ta ƙirga kawunan wasu, ga shi an ƙirga nasa.

A Maryland bai sake mallakar ƙasa ba. Haya ya kama, eka 300 a hannun Stephen Horsey, a bakin rafin Wicomico, aka kira wurin Tonies Vineyard, wato garkar inabin Tony. A nan ya rasu a 1670.

A watan Agustan wannan shekarar aka zauna a Virginia kan eka 50 ɗin da ya bar wa Richard. Mutanen da aka tara don tantance lamarin, dukkansu Turawa, suka ce tun da Anthony Johnson baƙar fata ne, to baƙo ne, ƙasar ta koma hannun sarki. Daga nan ta faɗa hannun wani maƙwabci Bature. A dokar Ingila gaskiya ne baƙo ba ya mallakar ƙasa, ba a kuma gadonsa. Amma Johnson ya shekara 44 a Virginia. Gwamnati ce ta ba shi takardar 1651, kotu ta karɓi harajinsa, ta saurari ƙararsa, ba wanda ya ɗaga maganar baƙunta lokacin da ya sayar wa Turawa eka 200. Richard kuwa a Virginia aka haife shi. Ba su ce an haife shi a wata ƙasa ba, launinsa suka ambata, suka ce daga nan baƙuntar ta fito.

A gwada da wani gida na wannan gunduma. John Custis ya taso ne a Rotterdam ta Holan, shi ma doka ta ɗauke shi baƙo. A 1658 majalisa ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa, magana ta ƙare. Ya gina katafaren gida a Northampton ya sa masa suna Arlington. Tattaɓa-kunnensa Daniel Parke Custis shi ne mijin farko na Martha, wadda daga baya ta auri George Washington, kuma sunan babbar maƙabartar sojojin Amurka ta Arlington daga wancan gida ya samo asali. Gidaje biyu, zamani ɗaya, yanki ɗaya. Baƙuntar ɗaya takarda guda ta warkar da ita, ta ɗayan an mai da ita abin gado.

Mary da jikoki

Mary ba ta zauna kuka ba. Ta koma wurin Horsey ta sabunta hayar gonar zuwa shekara 99, a kan za ta biya harajin ƙasar, ta kuma ba shi goyon masara guda a shekara. A 1672 ta rubuta rabon shanunta ga jikokinta uku, Anthony da Richard da Francis, ta kuma ba ɗanta John wakilci a kan abin da ya rage mata a Virginia. Cikin shaidun wannan takarda akwai John Casor, wanda a shekarar ya yi rajistar alamar dabbobinsa a kotu da yardar Mary. Kusan shekara ashirin bayan ya nemi fita daga gidan, yana nan a cikinsa, yana da 'yan dabbobinsa, ana kiransa ya sa hannu a sha'anin iyali, kuma takarda na ci gaba da kiransa baran Mary. Yadda suka zauna da juna a waɗannan shekaru ya fi ƙarfin a taƙaita shi da kalma ɗaya.

Richard ya zauna a gundumar Accomack ta Virginia yana kafinta, matarsa Baturiya ce mai suna Susan, abin da a lokacin doka ba ta hana ba. A 1677 jikan Anthony, John ƙarami, ya sayi eka 44 a Somerset ya sa wa gonar suna Angola. Yaro ne da aka haifa a Amurka, uba haifaffen Amurka, shekara 56 bayan saukar kakansa, amma sunan ƙasar bai ɓace a gidan ba. A dubi lissafin kuma: kaka 250, jika 44. A farkon shekarun 1680 Mary da John sun ƙara gaba zuwa gundumar Sussex ta Delaware, kuma daga nan zuriyar ta watsu cikin ƙananan manoma da 'yan haya, sunansu na raguwa a takardun mallakar ƙasa.

Abin da ya canza a kewayensu ba boyayye ba ne. A 1649 'yan Afirka a Virginia wajen 300 ne cikin Turawa 15,000. A 1671 Gwamna William Berkeley ya ba da rahoton mutum 40,000, cikinsu bayi baƙaƙe 2,000 da barori Turawa 6,000. Daga nan talakawan Ingila suka rage zuwa, mace-mace ta yi sauƙi har sayen bawa ya fara fin riba, kamfanin Royal African Company da aka kafa a 1672 ya buɗe hanyar kawo mutane kai tsaye daga Afirka. Tawayen Nathaniel Bacon na 1676, inda barori Turawa da bayi baƙaƙe suka ɗauki makami a sahu ɗaya har aka ƙone Jamestown, ya nuna wa manya hatsarin barin talakawa su haɗa kai. A irin wannan yanayi, baƙar fata mai gona da shanu da bakin magana a kotu ya zama matsala, domin ganinsa kaɗai na gaya wa bawa cewa launi ba ƙaddarar bauta ba ne.

A 1691 aka haramta aure irin na Richard da Susan, aka kuma ce duk wanda ya 'yanta bawa sai ya biya kuɗin fitar da shi daga Virginia cikin wata shida. A 1705 aka tattara dokokin bauta wuri ɗaya, aka hana baƙar fata riƙe muƙami ko ba da shaida a kotu, wato irin ƙarar da Anthony ya kai Parker ta zama da wuya ta tsaya. A 1723 aka ƙwace wa 'yantattun baƙaƙe masu ƙasa ƙuri'a. Lauyan hukumar kasuwanci a Landan, Richard West, da ya duba wannan doka ya rubuta cewa bai ga dalilin da za a wulaƙanta wani ɗa fiye da wani saboda launin fatarsa kawai ba. Da aka nemi bayani daga Virginia, Gwamna William Gooch ya amsa a 1736 cewa majalisa ta yi haka ne don ta ɗora wa 'yantattun baƙaƙe da barbarar yanyawa tambari na har abada, su san akwai bambanci tsakaninsu da zuriyar Bature. Landan ba ta soke dokar ba.